Tarko mai ɗana kansa da kyamara mai ganin zafin jiki: na'urorin da ke gadin akun da ba ya tashi sama

A watan Agusta na 2022, ma'aikatan hukumar kula da dazuzzuka da namun dawa ta ƙasar Niyu Zilan suka ga alamar da suka fi tsoro a wani ɗan tsibiri mai suna Te Kakahu, wanda Turawa ke kira Chalky, can a kusurwar kudu maso yammacin ƙasar. Wata 'yar dabba mai cin nama ta shigo tsibirin. Guda ɗaya ce tak, kuma ko girman gafiya ba ta kai ba. Nan da nan aka tashi jirage masu saukar ungulu da jiragen ruwa, aka kawo karnuka masu sansano, aka kakkafa kyamarori, aka ƙara tarkuna. Sai da aka shafe wata takwas ana wannan fama kafin ta faɗa tarko a watan Afrilu na 2023. Abin da aka kashe ya kusa dalar Niyu Zilan dubu 500.

Duk wanda ya ji wannan lissafi karon farko zai ce an yi wauta. Sai dai tsibirin yana cikin 'yan wuraren da suka rage a duniya da ake iya ajiye wani tsuntsu mai suna kakapo, kuma an taɓa barin irin wannan dabba ta shiga tsibirin kakapo, an ga yadda ta kaya. Wannan ne ya sa aikin kare tsuntsun ya zama fagen gwada na'urori iri-iri, tun daga 'yar na'urar da ake goya masa a baya har zuwa tarkon da ke aika saƙo wayar salula.

Akun dare

A harshen Maori, mutanen da suka fara zama ƙasar, kakapo na nufin akun dare. Aku ne sosai, amma ba irin wanda aka saba gani a keji ba. Shi ne mafi nauyi a duk dangin aku, domin namiji kan kai kilo 4. Kore ne mai ɗigo-ɗigon baƙi da rawaya, fuskarsa kamar ta mujiya. Yana da fukafukai amma ba ya tashi sama, sai dai ya yi tafiya a ƙasa ko ya hau bishiya da ƙafa da baki. Da rana yana barci, da dare ya fita neman ganye da saiwoyi da 'ya'yan itatuwa. Yana daɗewa a duniya, har ana ƙiyasta cewa yakan wuce shekara 60.

Wajen haihuwa ne yake da wuyar sha'ani. Ba kowace shekara yake yin ƙwai ba, sai shekarar da wata bishiya mai suna rimu ta yi 'ya'ya da yawa, abin da ke faruwa sau ɗaya a shekara biyu zuwa huɗu. A irin wannan shekara kowane namiji zai haƙa ɗan rami kamar kwano a kan tudu, ya zauna ciki, ya hura wata jakar iska da ke ƙirjinsa, ya kwana yana fitar da wani amo mai zurfi irin wanda ake ji idan an busa bakin kwalba. Mace ta bi sautin ta zaɓi wanda ya yi mata, daga nan kuma ruwan namiji ya ƙare. Ita kaɗai za ta yi ƙwai ɗaya zuwa huɗu a ƙasa, a kogon bishiya ko ƙarƙashin saiwoyi, ta kwanta a kansu kimanin kwana 30. Duk dare sai ta bar sheƙar na tsawon sa'o'i ta je neman abinci, kuma 'ya'yan kan yi wajen mako goma kafin su bar wurin.

Duk wannan tsari ya yi daidai da ƙasar da tsuntsun ya samu kansa. Kafin zuwan ɗan Adam, babu wata dabba mai shayarwa da ke yawo a doron Niyu Zilan in ban da jemagu. Abokan gaban kakapo a sama suke, wato manyan gaggafa da shaho masu farauta da ido. Maganinsu shi ne a fita da dare, a yi kalar ciyawa, idan an ji motsi kuma a daskare wuri ɗaya. Har yau haka kakapo yake yi. Matsalar ita ce yana da wani ƙamshi mai ƙarfi a jikinsa, kuma maharan da suka zo daga baya da hanci suke farauta. Ga dabbar da ke bin ƙamshi, tsuntsun da ya tsaya cak abinci ne da aka ajiye mata.

Gudun gara

Maori sun iso kimanin shekara 700 da suka wuce, da karnuka da wani ƙaramin ɓera mai suna kiore. Turawa suka biyo baya da ɓerayen jirgin ruwa da kyanwoyi, suka kuma kawo wata dabba mai suna fosam daga Ostireliya saboda gashinta. Amma babbar ɓarnar ta zo ne a shekarun 1880. Zomayen da Turawa suka shigo da su sun yi yawa har suna cinye makiyayar tumaki, sai aka yanke shawarar kawo dabbobin da za su cinye zomayen. Masana tsuntsaye na lokacin sun yi gargaɗi, ba a saurare su ba. Aka yi gudun gara aka faɗa gidan zago.

Mafi muni cikin waɗanda aka kawo shi ne wanda ake kira sitot da Ingilishi, kuma shi ne ya shiga Te Kakahu a 2022. Dangin bodari ne, siriri mai dogon jiki da gajerun ƙafafu, namijin bai wuce giram 300 da 'yan kai ba. Yana hawa bishiya, yana shiga duk ramin da kansa ya shiga, yana kashe abin da ya ninka shi girma, sannan ya iya iyo. Akwai kuma wani abu a halittarsa da ke hana masu gadin tsibirai barci. Ana yi wa 'ya'ya mata barbara tun suna cikin sheƙa, sai cikin ya tsaya bai fara girma ba har na tsawon watanni. Ke nan kusan duk macen da ta yi iyo ta isa wani tsibiri ta riga ta zo da zuri'arta, ba ta buƙatar namiji, kuma haihuwa ɗaya kan iya kai 'ya'ya goma.

Wanda ya fara ɗanɗana wannan shi ne wani mutum mai suna Richard Henry. A 1894 gwamnati ta naɗa shi mai kula da tsibirin Resolution a yankin Fiordland. Ya shafe shekaru yana kama kakapo da taimakon kare, yana ɗora su a ƙaramin jirgin ruwa yana tsallakar da su, har ya kai fiye da 200. A 1900 aka ga sitot a tsibirin, ya yi iyo ya ƙetaro. Cikin 'yan shekaru duk wahalar Henry ta tafi a banza. Dabararsa daidai ce, kuma ita ake bi har yau. Abin da ya rasa shi ne hanyar sanin cewa maharin ya shigo tun bai hayayyafa ba, da hanyar kawar da shi.

Daga 51

A tsakiyar shekarun 1970 an bi duwatsun Fiordland aka samu kakapo 18, duka maza. A 1977 aka gano wasu a tsibirin Rakiura, wanda ake kira Stewart, kuma a 1980 aka tabbatar akwai mata a cikinsu. Murnar ba ta daɗe ba, domin kyanwoyin daji suna cinye su da sauri. Daga 1982 aka fara kwashe su zuwa ƙananan tsibirai. A 1995 kakapo 51 kacal aka sani a duk duniya.

Tsibirin da ya zama cibiyar aikin shi ne Whenua Hou, mai faɗin kusan hekta 1,400, kilomita uku daga gaɓar Rakiura. Hukumar tana gudanar da shi tare da ƙabilar Ngai Tahu, wadda kakapo ke da babban matsayi a al'adarta. Ko a can ɗin akwai ɓeran kiore, mai cin ƙwai da ƙananan 'ya'ya. Don haka a shekarun 1990 kowace sheƙa sai an kewaye ta da tarkuna, an sa mata kyamara mai gani a duhu, da wata na'ura mai walƙiya da ƙara don korar ɓera. Mai gadi yana kwana a tanti kusa da wurin. Da uwar ta fita, sai ta gitta wani haske da ido ba ya gani, ƙararrawa ta kaɗa a tantin, shi kuma ya tashi ya je ya lulluɓe 'ya'yan da ɗan bargo mai batir don kada sanyi ya kashe su.

A 1998 aka gama da kiore a Whenua Hou ta hanyar watsa abinci mai guba daga jirgi mai saukar ungulu. A irin wannan aiki, na'urar GPS ce ta sauya komai. Idan ana so a kawar da ɓera daga tsibiri, kashe kashi 99 cikin ɗari daidai yake da rashin yin komai, domin mace ɗaya mai ciki ta isa ta mayar da hannun agogo baya. Dole gubar ta sauka a yankin kowane ɓera. Matuƙin jirgi yana bin layukan da kwamfuta ta zana masa, na'urar tana rubuta duk inda ya bi, a sauke bayanan a duba taswira, in an ga giɓi a koma a cike. Da wannan dabara aka share tsibirin Campbell mai hekta 11,300 a 2001.

Abin da kowane tsuntsu ke goye da shi

Kowane kakapo yana da suna, kuma kowanne yana goye da 'yar na'urar aika sigina a bayansa, kamar jakar makaranta, wadda ake canjawa lokacin duba lafiyarsa. Da farko aikinta kawai ta riƙa fitar da sautin rediyo don a bi da eriya a gano inda tsuntsun yake. Ta yanzu tana da na'urar auna motsi, tana lissafa yadda tsuntsun ya yi zirga-zirga, sannan ta saƙa bayanan cikin tsarin bugun siginar da take fitarwa. Idan motsi ya tsaya gaba ɗaya na tsawon lokaci, bugun yakan canja, ma'aikata su san cewa ko tsuntsun ya mutu ko na'urar ta faɗi.

Ta mata ana kiranta Egg Timer. Mace mai kwanci ba ta yawo kamar sauran, don haka da motsinta ya ragu ta wata siga, na'urar za ta nuna ta fara kwanci da kuma ranar da ta fara. Ta maza kuwa, Check Mate, ta fi shiga sharo ba shanu. Idan ta ji irin motsin barbara, sai ta kunna na'urar karɓar sigina ta duba wace mace ce a kusa, ta rubuta lambarta da lokaci da tsawon abin, har da maki. Abin dariya ne a ji, amma bayanin yana da nauyi. Fiye da rabin ƙwan kakapo ba sa ƙyanƙyashewa, kuma daga irin waɗannan bayanai aka gano cewa macen da ta sadu da namiji fiye da ɗaya, ko fiye da sau ɗaya, ƙwanta sun fi yin kyau.

Tattara bayanan ma an sauƙaƙa shi. A da sai mutum ya bi daji da ƙafa cikin ruwan sama da laka yana ɗaga eriya. Daga baya aka ɗora wa ƙaramin jirgin sama wata na'ura mai suna Sky Ranger, ya zagaya tsibiri ya kwashi siginar duk tsuntsayen. Akwai kuma akwatunan karɓar bayanai da aka kafa a kan tuddai da bakin sheƙu, masu tura abin da suka samu ta tauraron ɗan Adam zuwa kwamfutocin ma'aikata.

Kwanon abincin ma mai wayo ne. Akwati ne mai murfi a kulle, wanda ke karanta na'urar tsuntsun da ya matso, ya buɗe wa wanda aka ba izini kaɗai. A gabansa akwai sikeli, tsuntsun na hawa a ɗauki nauyinsa. Dalilin wannan takatsantsan wani kuskure ne da aka yi a baya. An lura mace ba ta yin ƙwai sai ta haura kilo ɗaya da rabi, sai aka yi ta ɗura musu abinci. Ashe idan mace ta yi ƙiba sosai, 'ya'ya maza take yawan haifa, alhali mata ake nema ido rufe. Da aka gane haka a farkon shekarun 2000, sai aka koma auna wa kowace mace abincinta, ta kai nauyin yin ƙwai ba tare da ta zarce ba.

A 2019 an gwada wasu abubuwa biyu da suka ja hankalin duniya. Na farko ƙwan roba ne da aka buga da na'urar ɗab'i mai fitar da abu da siffarsa, aka sa masa 'yar lasifika a ciki. Ana ɗauke ƙwan gaske a kai injin ƙyanƙyasa, a bar wa uwar na roba, idan lokaci ya yi sai ya fara kukan ɗan tsako don ta shirya karɓar ɗan da za a dawo mata da shi. Na biyu jirgi marar matuƙi ne da ke ɗaukar maniyyin namiji daga wannan gefen tsibiri zuwa wancan, tafiyar da ƙafa ke ci fiye da sa'a ta koma 'yan mintuna. Ana yin haka ne don mazan da ke da jinin da ba a so ya ɓace su samu zuri'a. An kuma karanta kundin ƙwayoyin halittar kusan duk kakapon da ke raye a wancan lokacin, abin da ba a cika samu ba a wata dabba.

Shekarar 2019 ɗin ta zo da 'ya'ya fiye da 70 da suka rayu, amma ta zo da wata cutar huhu da naman gwari ke haddasawa, wadda ta kashe tsuntsaye tara. A 2022 yawansu ya kai 252. Sai dai binciken da aka yi kan bayanan shekaru ya nuna mazan da mutane suka rena da hannu ba su kai waɗanda uwa ta rena iya haihuwa ba, kuma masu aikin da kansu suna cewa burinsu shi ne a rage sa hannu. Duk waɗannan na'urori na goyo da ƙwai ba sa hana sitot ko ɓera shigowa. Wannan aikin wasu na'urorin ne daban.

Tarkuna

Ginshiƙin yaƙi da sitot har yanzu akwatin katako ne mai tarkon ƙarfe a ciki, wanda ake kira DOC200. Ana sa ƙwai ko naman zomo, a yi masa ƙofar raga mai ƙaramin rami don tsuntsu kada ya shiga. Yana aiki, amma yana da aibi babba: da ya kama abu ɗaya ya tashi daga aiki sai mutum ya zo ya sake ɗana shi. A dajin da sai an yi tafiyar kwana ko an hau jirgi, tarko kan yi makonni a rufe da mushen ɓera, sitot na wucewa ta gefensa. Yawancin kuɗin aikin tarko ba na tarkon ba ne, na ƙafar mutum ne.

Kamfanin Goodnature na birnin Wellington ya fito da A24 don magance wannan. Ana ɗaure shi a jikin bishiya, yana aiki da 'yar tukunyar iskar gas ta kabon dayoksaid. Dabba ta cusa kai don ta kai ga abin da ke ƙamshi, ta taɓa wata siririyar waya, sai iskar ta harba wani ƙarfe ya buge ta a ka. Mushen ya faɗo ƙasa, tarkon ya koma a ɗane. Tukunya ɗaya tana bugu 24, daga nan sunan ya samo asali. Akwai jakar da ke ɗiga abincin jan hankali a hankali na tsawon wata shida, akwai kuma murfi mai Bluetooth da ke gaya wa manhajar waya sau nawa tarkon ya buga. A kan ɓeraye ya yi suna. A kan sitot kuwa masu aikin daji da yawa sun fi amincewa da tsohon akwatin katako, kuma an sha sa wa A24 shinge saboda tsuntsaye masu karambani irin su kea da ke cusa baki ko'ina.

Wani kamfanin, NZ AutoTraps, ya yi AT220 mai aiki da batir da ɗan injin da ke sake ɗana tarkon, da famfon da ke fesa abinci, da na'urar jin haske da ke hana shi aiki da rana lokacin da yawancin tsuntsaye ke yawo. Sabon samfurinsa yana da kyamara da ƙirƙirarriyar basira, yana duba abin da ya matso kafin ya yarda ya ɗanu. Su ma tsofaffin akwatunan an samo musu dabara: ana manna musu 'yar na'ura mai aika saƙo ta rediyo mai cin wuta kaɗan, kamar tsarin Celium, ta yadda ma'aikaci zai buɗe taswira a waya ya ga tarkon da ya buga, ya tafi can kai tsaye maimakon ya bi ɗari yana leƙawa.

Neman na ƙarshe

Kashe dubun farko ba shi ne wahala ba. Wahalar tana wajen na ƙarshe, ko na farkon da ya dawo. Shi ne mai wayo, wanda bai yarda da akwati ba, kuma a tsibirin da ke cike da tsuntsaye ba ya jin yunwar da za ta sa ya kula ƙwan da aka ajiye masa. Sitot ɗin Te Kakahu irin wannan ne.

Tsohuwar hanyar bincike mai arha ce ƙwarai: ɗan bututu da kati a ciki, tawada a tsakiya, man gyaɗa a matsayin abin jan hankali. Dabba ta taka tawadar ta bar sawu, a zo a karanta. Sai kuma karnukan da aka horar kowanne kan ƙamshin dabba ɗaya, waɗanda har yau babu na'urar da ta kamo hancinsu. Kyamarorin daji na kasuwa kuwa an ƙera su ne don mafarautan manyan dabbobi irin su barewa. Suna barci sai motsi ya tashe su, kafin su farka sitot ya wuce. Suna kuma tara dubban hotunan ganye da iska ta kaɗa, wanda sai mutum ya zauna ya duba.

Wani shiri mai suna Cacophony Project, wanda wani injiniya Grant Ryan ya kafa, ya bi ta wata hanyar. Kyamararsu zafin jiki take gani, don haka ɓera a cikin duhu yana fitowa fari tas a kan baƙin daji. Ba ta jiran a tashe ta, a kunne take duk dare, kuma manhajar da aka horar da dubban bidiyoyi tana bambance ɓera da fosam da kyanwa da tsuntsu ta siffa da salon tafiya. An saki manhajar kyauta ga duk mai son ya duba ko ya gyara. Abin da kyamarorin suka fara tonawa bai yi wa masu tarko daɗi ba: mafi yawan maharan da suka zo kusa da tarko wucewa suke yi ba su ko taɓa shi ba. Ke nan adadin da tarko ya kashe ba ya nuna adadin da ya rage. Wannan ya karkatar da hankalin masu bincike zuwa ga abin jan hankali, kamar sauti da ƙamshin wata dabbar, maimakon ƙarfin bugu kawai.

Kafin duk wannan akwai matakin da ba ya buƙatar batir. Duk wanda zai je Whenua Hou sai an bi kayansa ɗaya bayan ɗaya a wani ɗakin bincike a birnin Invercargill, a wanke tufafi da takalma da maganin kashe ƙwayoyin cuta, a duba aljihu da ɗinki saboda ƙwayar iri, a rufe komai cikin robobin da ɓera ba zai iya shiga ba.

Wuri ya fara ƙaranci

Nasarar ta haifi sabuwar matsala. Tsibiran da ke da tsabta, masu bishiyar rimu, kuma masu nisan da sitot ba zai iya iyo ya kai ba, 'yan kaɗan ne, kuma sun kusa cika. Batun nisan ma ba tabbas, domin a 2010 an samu sitot a tsibirin Kapiti mai nisan kusan kilomita biyar daga gaɓa.

A 2016 gwamnati ta ayyana shirin Predator Free 2050, wato kawar da ɓeraye da fosam da sitot da danginsa daga duk ƙasar kafin 2050. Hukumar tana ƙiyasta cewa waɗannan dabbobi na kashe tsuntsayen ƙasar kimanin miliyan 25 a shekara. Buri ne mai girma, kuma da kayan aikin da ake da su yau ba zai cika ba, domin ƙasar ta haura murabba'in kilomita dubu 260, da birane da gonaki da duwatsu. Gubar 1080 da ake watsawa daga sama a manyan dazuzzuka tana aiki, amma tana kashe karnuka da barewa, kuma akwai masu adawa da ita sosai. Wasu na hangen dabarar sauya ƙwayoyin halitta ta yadda rashin haihuwa zai bazu cikin ɓeraye. Masu bincike a Jami'ar Adelaide sun nuna wani salo nata a kan ɓerayen ɗakin gwaji a 2022, sai dai tun 2017 Kevin Esvelt, ɗaya daga cikin waɗanda suka fara kawo tunanin, ya yi gargaɗin cewa ɓera yana hawa jirgin ruwa, kuma abin da aka saka a tsibiri ɗaya zai iya kaiwa ƙasashen da ba a nemi yardarsu ba.

Abin da ya fi kusa shi ne Rakiura, inda aka kwaso kakapo tun farko. Faɗinsa ya kai hekta dubu 170 da ɗoriya, yana da rimu, mazaunansa kimanin 400 ne. Ana shirin share shi daga ɓeraye da fosam da kyanwoyin daji, kuma idan aka yi nasara zai ɗauki kakapo masu yawa. Ba a taɓa share tsibiri mai mutane da ya kai wannan girma ba.

Kafin nan ana gwada shinge. A watan Yuli na 2023 aka saki maza huɗu a dutsen Maungatautari da ke yankin Waikato, karon farko cikin kusan shekara 40 da kakapo ya zauna a babban yankin ƙasar. Dajin mai hekta 3,400 yana kewaye da shinge mai tsawon kilomita 47, na raga mai ƙananan idanu, da hular ƙarfe mai santsi a sama don hana hawa, da gindi binne a ƙasa don hana haƙa. A samansa akwai waya mai aika saƙo ga ma'aikata da zarar bishiya ta faɗo masa, don a je a toshe kafin wani abu ya shiga. An ƙera shingen ne don hana shiga, don haka sai da aka yi masa gyara saboda kakapo gwanin hawa ne. Duk da gyaran, wasu daga cikin tsuntsayen sun bi rassan da ke kusa da shingen sun tsallake zuwa gonakin maƙwabta, inda kyanwa da kare da sitot ke yawo. Na'urar da ke bayansu ce ta nuna inda suke aka je aka ɗauko su, aka sassare rassan, sannan aka mayar da waɗanda suka fi naci tsibiri.